Amalen da ya tashi a tsakar gida: nazarin wani cizon raƙumi a arewacin Jigawa

Asalin lamarin

Gidan yana wani ƙauye a arewacin Jihar Jigawa, tafiyar da ba ta kai awa guda a babur ba zuwa Maigatari, inda kasuwar dabbobi ke ci kowace Alhamis, raƙuma na gangarowa daga Jamhuriyar Nijar. Maigidan manomi ne na gero da wake da riɗi. A wannan yankin raƙumi dabbar aiki ce: da damina ya ja garma, da kaka ya kwaso dammuna, da rani ya kai taki gona.

Maigidan ya sayi taguwa mai ciki. Cikin raƙumi wata 13 ne, don haka an daɗe ana jira. Ta haifi namiji, kwana 9 da haihuwa ta mutu. Da yake ɗan ya samu dakashin uwarsa a kwanakin farko, sai ya rayu. Babban ɗan maigidan, yana da shekara 13 a lokacin, shi ya ɗauki rainonsa. Nonon saniya da na akuya yake zuba masa a bulumboti, sau biyar a rana. Da sanyi ya yi tsanani sai aka riƙa kwantar da shi a zaure, yaron na shimfiɗa tabarmarsa kusa da shi.

Babu wani raƙumi a gidan, sai jaki ɗaya da awaki. Abokan wasansa yara ne. Yakan ɗora wuyansa a kafaɗarsu ya danna, su ture shi, ya sake dannawa. Yakan fizge hula daga kan yaro ya tauna, a bi shi da dariya. Duk ƙauyen an san shi, har baƙi kan tsaya kallo.

Shekara 2 zuwa 6

Ni malamin dabbobi ne, kuma na fara ganinsa yana da shekara 2, da aka kira ni saboda ƙazuwa ta kama masa wuya da cinyoyi. Raƙumin da ya tashi cikin garke, idan baƙo ya doso shi, yakan ɗaga kai ya ja da baya taku ɗaya ko biyu. Wannan kuwa shi ya taho wurina, ya ɗora haɓarsa a kaina, ya sakar mini nauyi. Na lura da abin. Na yi masa allura na tafi ban ce wa kowa komai ba, kuma wannan shirun yana damuna har yau.

Yana da shekara 4 aka fara koya masa aiki. Bai ba da wahala ba ko kaɗan, domin ba ya tsoron mutum, ba ya tsoron akala. Maigidan har alfahari yake yi da cewa ba a taɓa ɗaga masa sanda ba.

Alamun sun zo ɗaya bayan ɗaya, kowacce kuma aka sama mata uzuri. Ya fara tare hanya idan mutum zai wuce, sai an kewaye shi. Ya fara bangazar mutane da ƙirji. Yana da shekara 5 ya durƙusa a kan wani ɗan akuya ya murƙushe shi da ƙirjinsa, aka ce tsautsayi ne. A hunturun shekara ta 6 ya kori mata biyu daga bakin rijiya, ya yaga wa ɗaya zane. Uwargidan ta ce a rabu da shi. Maigidan ya ce ƙuruciya ce, zai bari.

Hunturun shekara ta 7

A ƙarshen Nuwamba sha'awar barbara ta motsa masa sosai, irin ta cikakken amale. Wanda ya taɓa ganin haka ba ya mantawa. Yana cizon haƙora har ka ji ƙararsu daga bayan danga. Kumfa na dalala daga bakinsa. Yana turo wani jan tantani daga gefen baki kamar an hura balan-balan, wanda ganɗarsa ce mai laushi yake cika ta da iska, tare da wani gurnani kamar ruwa na tafasa a randa. Wani baƙin ruwa mai wari na tsattsafowa daga ƙeyarsa yana bin wuya. Yana buɗe ƙafafun baya, ya yi fitsari, ya kaɗa shi da wutsiya a gadon bayansa. Cin abinci ya ragu ƙwarai, harawar da yake cinyewa a dare ɗaya sai ta kwana uku a gabansa.

A wannan shekarun ne kuma bakin raƙumi ke kammala. Babban raƙumi yana da haƙora 34. A gaban muƙamuƙin sama ba shi da haƙoran yanka na tsakiya, sai dasashi mai tauri, amma a kowane gefe yana da haƙora masu tsini uku a sama, biyu a ƙasa, goma ke nan. Manya daga cikinsu su ne fiƙoƙi, kuma a namiji suna gama fitowa ne wajen shekara 6 zuwa 7. Wato bakin da ya tauna hular yara yana ɗan wata shida ba shi ne bakin da ke gidan yanzu ba.

Ranar da ya yi cizon

Alhamis ta biyu ce a watan Janairu. Maigidan ya tafi kasuwa. Da hantsi wani ayari ya ratsa ta bayan gari, akwai taguwoyi a ciki. Amalen ya ji ƙanshinsu, ya fara fizgar turke. Babban ɗan, yanzu yana da shekara 20, ya je ya ƙara masa ɗauri. Ya sunkuya a gabansa, kansa ƙasa, yana kiransa da sunan da ya raɗa masa tun yana jariri.

Raƙumin ya cafke shi a hannun dama, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Ya ɗaga shi sama har ƙafafunsa suka bar ƙasa, ya girgiza shi sau biyu ko uku, ya yi jifa da shi jikin danga. Sannan ya taho zai durƙusa masa. Abin da ya cece shi shi ne igiyar ƙafa ba ta kai wurin ba. Ƙanwar yaron ce ta ja shi ta ƙafa.

Cizon raƙumi daban yake da na sauran dabbobin gida. Saniya da tunkiya da akuya ba su da haƙoran gaba na sama, ba su da fiƙar sama, don haka makaminsu ƙaho ne da goshi. Doki da jaki suna da haƙoran gaba sama da ƙasa, suna matsewa su daddatse nama, jaki kuma idan ya kama ba ya son saki. Raƙumi ya haɗa abu uku a cizo ɗaya: fiƙa ta huda, muƙamuƙi ya murƙushe, sannan dogon wuyan nan ya ɗaga mutum ya kaɗa shi. Sau da yawa kaɗawar ce ke karya ƙashi, kuma shi ya sa cizonsa ya fi samun hannu da kafaɗa da kai. A fata ba ka ganin komai sai 'yan ramuka, ɓarnar tana can ciki.

Jinyar yaron: kwana 1 zuwa wata 4

A hannun akwai ramuka huɗu, biyu sama biyu ƙasa, kowanne bai fi kan yatsa ba. Ƙasusuwan hannun duka biyu sun karye. Aka kai shi wurin mai ɗori, wanda ya ja hannun ya daidaita, ya jera kara, ya naɗe da ƙyalle, ramukan na ciki a rufe. Ba a wanke su ba.

Kwana 3 hannun ya kumbura har yatsu, zazzaɓi ya rufe shi, ɗorin na wari. A daren ne maigidan ya buga mini waya, ba don yaron ba ma, don raƙumin. Na ce, "Alhaji, raƙumin zai jira. Yaron nan asibiti za a kai shi a daren nan, kada a bari gari ya waye."

A asibitin suka kwance ɗorin, suka buɗe ramukan, suka yanke naman da ya mutu, suka wanke. Ba su ɗinke ba, domin raunin cizo idan an rufe shi da ƙwayoyin cuta a ciki, ruɓa yake yi. Aka ɗora shi a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, aka yi masa allurar tetanas, aka fara masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, domin raƙumi ma yana ɗaukar wannan ciwon idan mahaukacin kare ko dila ya cije shi. Sai da ciwon ya yi tsabta aka sa wa ƙasusuwan ƙarfe. Kwana 19 ya yi a gadon asibiti. Abin da ya kamata a yi tun a minti na farko shi ne a wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan a nufi asibiti.

Wata 4 bayan haka ƙashi ya haɗe. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi ba su dawo daidai ba, domin fiƙa ta taɓa jijiyar da ke motsa su.

Abin da aka gwada a Janairu da Fabrairu

Washegarin ranar da ya yi cizon, ƙannen maigidan suka ɗaure raƙumin ƙafa huɗu suka yi masa dukan kawo wuƙa. Mutanenmu suna cewa raƙumi yana da riƙo. Abin da na gani dai shi ne, daga ranar duk wanda ya doso shi da sanda a hannu sai ya miƙe wuya ya buɗe baki tun daga nesa, abin da bai taɓa yi ba a da.

Sai aka ce a horar da shi da yunwa. Kwana 5 ba a ba shi komai ba sai ruwa. Dabbar da dama ba ta damu da ci ba a wannan lokacin, yunwa ba ta karya ta. Tozonsa ya kwanta, haƙarƙari ya fito, gurnanin na nan.

Da na je, aikina na farko shi ne na tabbatar ba hauka ba ce. Na sa aka keɓe shi, ina zuwa duba shi. Yana shan ruwa, yana haɗiya lafiya, ƙafafunsa ba su shanye ba. Dabbar da ciwon haukan kare ya bayyana a jikinta ba ta wuce 'yan kwanaki take mutuwa. Ya yi mako uku yana nan garau, sai muka cire wannan daga lissafi.

An saƙa masa takunkumi na igiya. Ya yi amfani, amma dole a cire don ya ci, kuma sanyawa da cirewar su ne lokacin da hannun mutum ke zuwa daf da bakinsa. Sau biyu ya goge shi a jikin bishiyar aduwa ya tsinke.

Wani ya ba da shawarar a kai shi garke ya yi barbara, wai zai huce. Aka kai shi wurin wasu Buzaye da suka sauka a bayan gari. Amalen garken ya tare shi, suka sarƙe wuya, ya cije shi a ƙafar gaba, aka dawo da shi yana ɗingishi bayan kwana 2. Dattijon garken ya daɗe yana kallon yadda yake bin mutane yana barin raƙuma, sannan ya ce wa maigidan, "Wannan naka bai san shi raƙumi ba ne."

Maganar dattijon ta yi daidai da abin da likitocin dabbobi suka rubuta game da lama, 'yar'uwar raƙumi ta duwatsun Andis, a Peru da Bolibiya, wadda yanzu ake kiwonta a Amurka da Turai. Dangi ɗaya ne da raƙumi, sai dai ba ta da tozo, kuma nauyinta bai cika wuce kilo 200 ba, alhali amale yana kai kilo 400 zuwa 600. Namijin lama yana da haƙoran faɗa shida, huɗu a sama biyu a ƙasa, masu kaifi, sun lanƙwasa baya, suna fitowa daga wajen shekara 2 zuwa 3. Da su yake tsaga kunnen abokin faɗa da ƙafafunsa da marainansa, shi ya sa masu kiwo ke yanke su da waya. Sun kuma gano cewa namijin da aka shayar da kwalba, ya tashi a hannun mutane ba tare da 'yan'uwansa ba, yana girma yana ɗaukar mutum a matsayin lama. Idan ya balaga sai ya yi wa mutum abin da zai yi wa kishiyarsa: bangaza da ƙirji, cizo, dannewa. Idan halin ya riga ya kafu, fiɗiya ba ta cika kawar da shi ba, da yawa a ƙarshe kashe su ake yi. A 2007 ma a Ostireliya wani ɗan raƙumi mai wata 10, da ake kiwonsa kamar ɗan gida, ya danne matar da ke kula da shi har ta mutu.

A tsakiyar Fabrairu na yi masa allurar kwantar da jiki, muka durƙusar da shi, na rage tsinin manyan fiƙoƙin huɗu da wayar yanke ƙaho. Mafi tsawo a ciki ya kusa santimita 4. Kan kawai na cire na goge, domin idan aka yi ƙasa sosai za a buɗe ɓargon haƙori, ciwo ya shiga. Kwana 10 bayan haka jakin maƙwabci ya matso kusa da turkensa, ya cafke shi a wuya ya kayar. Fata ba ta huje sosai ba, amma jakin ya yi wata guda ba ya iya ɗaga kai, kuma sai da maigidan ya biya.

Afrilu: fiɗiya da sabon tsari

A nan gidan ya rabu biyu. Uwargidan ta ce a kai wa mahauta. Wani dillali ya ce zai sayar da shi ga manomi a wani gari ba tare da an faɗi komai ba, maigidan ya ce ba zai ɓoye aibin da zai iya kashe ɗan wani ba. Yaron, hannunsa a rataye, shi ya ce, "Baba, ni na raine shi. A gwada fiɗiyar tukuna." Maigidan ya tambayi limamin garin, ya ce masa malamai sun halatta fiɗiye dabbar da ake cin namanta idan akwai maslaha.

Na ƙi yi sai da sha'awar ta kwanta, domin a lokacin barbara jini ya fi yawa a wurin. Mun yi a makon farko na Afrilu, da asuba, kafin zafi ya taso, kuma kafin damina ta kawo ƙudaje. Allurar kwantar da jiki, allurar kashe zafi a wurin, aka ɗaure jijiyoyi aka cire, aka yi masa rigakafin tetanas. Mako uku ya warke.

Na gaya wa maigidan a gaban kowa cewa fiɗiya za ta ɗauke sha'awar barbara, amma ba za ta goge abin da ya koya a zaure ba. Don haka muka kafa sharuɗɗa. An fitar da turkensa daga gidan zuwa wani shinge a bayan gari. An haɗa shi da wani tsohon fiɗiyayyen raƙumi na ƙanin maigidan, wanda ya fi shi girma. Mutum ɗaya ne zai riƙa kama shi, wato ƙanin maigidan, wanda bai taɓa wasa da shi yana ƙarami ba. Ba a ba shi abinci a hannu, sai a kwano. Ba a shafa masa fuska. Idan ya matso kusa da mutum ba a kira shi ba, a tsayar da shi da murya da jan akala, ya ja baya, ba tare da duka ba. Kowa ya tsaya ta gefen kafaɗarsa, kada a sunkuya a gabansa. Yara ba sa shiga shingen. Yaron da ya raine shi ma ba ya shiga, kuma wannan sharaɗin shi ya fi yi masa ciwo.

Makonnin farko tsohon raƙumin ya yi abin da sanda ta kasa. Duk lokacin da wannan ya ɗora masa wuya, sai ya ture shi ya kore shi daga kwanon dusa. Kafin Yuni ya koyi tsayawa ya jira.

Damina da hunturun da suka biyo baya

A Yuli ya koma huɗa, da takunkumi a baki duk lokacin aiki. Ya mayar da jiki, tozo ya tashi. Hunturu ya shigo ya fita bai turo ganɗa ba, ƙeyarsa ba ta tsattsafo ba, bai daina ci ba. Ayari ya wuce ta bayan gari ya ɗaga kai ya kalla ya ci gaba da tuƙa.

Sau ɗaya aka samu matsala, a Disamba. Yaron ya tsaya a bakin shingen ya kira shi da sunan nan. Raƙumin ya taho da sauri, ya miƙo wuya ta saman shinge, ya kama masa riga a kafaɗa ya ja. Rigar ce ta yage.

Abin da na fahimta

Duka da yunwa sun gaza ne domin an ɗauka taurin kai ke damunsa, alhali abu biyu ne suka haɗu: sha'awar barbara, wadda jiki ke kawowa, da rashin ganin bambanci tsakaninsa da mutum, wanda raino ya kawo. Rage fiƙa ya rage zurfin rauni kawai, ƙarfin muƙamuƙi da na wuya suna nan yadda suke, jakin maƙwabci shaida ne. Fiɗiya ta ɗauke abu na farko. Na biyun kuwa tsare shi aka yi da shinge da tsohon raƙumi da mutum ɗaya mai kama shi, kuma abin da ya faru a Disamba ya nuna yana nan a kwance, musamman game da wanda ya shayar da shi.

A ganina lokacin gyara na gaskiya ya wuce tun yana ɗan wata biyu ko uku. Da an ba shi nonon a cikin garken Buzaye ko kusa da wata taguwa, a ba shi a juya a tafi, ba kokawa ba kwana tare, da ya tashi ya san 'yan'uwansa. Dama ta biyu ita ce ranar da ya ɗora haɓa a kaina, da na yi magana an fiɗiye shi kafin ya balaga. Yatsun yaron kuwa, fiƙa ce ta taɓa su, amma kwana ukun da raunin ya yi a rufe ba a wanke ba su suka kusa cin hannun gaba ɗaya.

Da ni ne mai shi, da na bi maganar uwargidan. Maigidan ya zaɓi ya riƙe shi, bisa alkawarin da ya ɗauka a gaban iyalinsa: ranar da ya sake buɗe baki ga mutum, Alhamis mai zuwa za a kai shi Maigatari, kuma hannun mahauci kawai za a miƙa akalarsa. An yi muhawara a gidan ko yaga rigar ya shiga cikin alkawarin. Yaron ya ce shi ya karya sharaɗi da ya je bakin shingen, aka bar maganar a haka, aka ƙara wa shingen tsawo da kamu biyu.